Ɗan tafki a bayan gidanka in ƙasarka jigawa ce: tambayoyin da aka fi yi min da amsoshinsu

Tun da na haƙa ɗan tafki a bayan gidana mutane ke ta tambaya, wasu a masallaci wasu a waya, kuma kusan tambayoyin iri ɗaya ne, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda in huta da maimaitawa. Unguwarmu rairayi ne zalla, irin wanda in ka zuba bokitin ruwa kafin ka juya baya ya shanye, to duk abin da zan faɗa a nan na mai irin wannan ƙasar ne. Wanda Allah ya ba ƙasar laka ko yana gefen fadama, rabin wahalar nan ba tasa ba ce.

Wai da gaske ana iya tara ruwa a rairayi?

Ana iyawa, amma ba rairayin ne zai riƙe maka ruwan ba, wannan ka cire shi daga ranka tun yanzu. Ƙwayar yashi manya ce, tsakaninsu duk ƙofofi ne, ruwa bi yake ya wuce kamar a rariya. Ita kuwa laka ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, in ta jiƙe sai ta manne ta toshe kanta. Shi ya sa kududdufan cikin birnin Kano suke kaiwa rani da ruwa, asalinsu ramuka ne da aka ɗebi ƙasar gini, an haƙa har an tarar da ƙasa mai danƙo, ga kuma taɓon shekaru da ya kwanta a ƙasansu. Kai kuma da kake kan jigawa, irin ƙasar da jihar Jigawa ta samo sunanta, ko irin ta wajajen Daura da Maraɗi da Damagaram, dole sai ka sa wani abu tsakanin ruwan da ƙasar. Leda mai kauri, ko siminti, ko lakar da ka sayo daga wani wuri. Ramin siffa kawai yake ba ka.

Ta yaya zan gane ƙasar gidana jigawa ce ko da ɗan laka a ciki?

Ɗebi ƙasar daga zurfin kamar kamu ɗaya, ba ta sama ba, ka jiƙa ta ka dunƙula a hannu. In ta dunƙulu har ka iya murza ta ta yi tsawo kamar igiya ba ta karye ba, akwai laka. In kana buɗe hannu ta warwatse, shikenan rairayi ne. Gwaji na biyu ka haƙa rami mai zurfin rabin mita ka cika shi da ruwa da yamma, in ya shanye ka sake cikawa, da safe ka leƙa. A gidana ko sallar isha'i bai kai ba.

Leda ko siminti, wanne ya fi?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi kuma ita ce aka fi yin musu a kai. Ni dai ra'ayina a rairayi leda ta fi, kuma ba don araha kawai ba. Rairayi ƙasa ce mai motsi, damina ta zo ya jiƙe ya zauna, rani ya zo ya bushe ya saki, gafiya ta bi ta ƙarƙashi ta yi rami, to siminti ba ya lanƙwasa, da ƙasar ƙarƙashinsa ta ɗan goce sai ya tsage, kuma tsagar da ko gashi ba zai shiga ba ta isa ta zubar maka da ruwa dare da rana. Leda kuwa duk inda ƙasa ta bi bin ta take.

Amma fa ba kowace leda ba. Akwai wadda ake yi musamman don tafki da kiwon kifi, za ka ji masu sayarwa suna cewa HDPE ko PVC, akwai kuma ta roba mai suna EPDM wadda ta fi su laushi da daɗewa sai dai tsada da wuyar samu. Kauri shi ne magana, kar ka sayi abin da bai kai milimita 0.5 ba, in da hali ka nemi 0.75 ko 1. HDPE tana jure rana sosai sai dai tana da taurin kai wajen shimfiɗawa, ka shimfiɗa ta da rana tsaka lokacin da zafi ya sa ta yi laushi.

In kuma ranka ya fi kwanciya da siminti, to a yi shi da gaske: a daddaɓe ƙasan sosai, a zuba tsakuwa, a yi kankare mai kaurin akalla santimita 10 da rodi a ciki, a ɗora bulo mai inci 9 a cika cikinsa da kankare, a yi filasta da siminti mai yawa a haɗa da garin nan mai hana ruwa wucewa, a kuma zagaye kusurwoyi kar a bar su da kaifi don nan ne tsaga ke farawa. Birkilan da ya ce maka bulo mai inci 6 da filasta ɗaya sun isa, ka tambaye shi tanki nawa ya taɓa ginawa a ƙasa.

Baƙar ledar nan ta 'yan gini ko tamfol ɗin rufe kaya fa, ba za su yi ba?

Ni na fara da ita, don haka ba labari aka ba ni ba. Na je kasuwa wani mai shago ya rantse min cewa in na ninka ta biyu har jikokina sai sun gani, wata huɗu ba ta cika ba gefen da rana ke duka ya fara farfashewa kamar busasshen ganye, na tashi wata safiya na tarar ruwa ya koma rabi kifaye suna ta haki. Kuɗin leda ya tafi, kuɗin ruwa ya tafi, na sake biyan leburori. Araha ba ta ado. Tamfol mai kauri irin na masu kiwon tarwaɗa yana yi, amma shuɗin nan mai saƙa da ake rufe buhuna da shi, a'a.

Ni ina son in yi da laka irin na da, babu leda babu siminti. Zai yiwu?

Zai yiwu, kuma duk wanda ya taɓa ganin mata suna daɓen ɗaki ya san dabarar. Ana sayo yumɓu mai kyau irin na masu ginin tukwane, a kwaɓa, a shimfiɗa shi hawa-hawa ana dakawa har kaurinsa ya kai santimita 20 zuwa 30, ƙasa da bango duka. Matsalar ɗaya ce kuma babba: ba ya son bushewa ko sau ɗaya. Ruwa ya ja baya a watan Afrilu, gefen da ya fito ya tsattsage, in ka sake cikawa ta nan zai bi. A ƙasar da ake wata bakwai ko takwas babu ruwan sama wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Wasu suna haɗa ƙasar da bentonayit, garin lakar nan da masu haƙa bohol ke amfani da shi, yana kumbura in ya sha ruwa ya toshe ƙofofi, amma rairayi zalla yana cin sa da yawa, in ka yi lissafi ƙarshe ledar ta fi sauƙi.

Ina haƙawa bango yana ruftowa, me zan yi?

Ba laifin leburanka ba ne, halin yashi ne. Ka lura da tulin yashin da tifa ta juye, ba ya taɓa tsayawa a miƙe, kullum gangare yake yi, to wannan gangaren shi ne iyakar abin da zai yarda da shi. Don haka kar ka haƙa kamar rijiya ko shadda, ka haƙa kamar akushi. Duk zurfin taku ɗaya ka ba shi taku ɗaya da rabi zuwa biyu na gangare. Wato in kana son zurfin santimita 80, kowane gefe zai ci maka wajen santimita 120 zuwa 160, ka ga kenan tafkin da faɗinsa bai kai mita 3 ba ba zai samu wannan zurfin ba sai da dabara.

Dabarar kuwa ita ce ka tokare bangon. Ko ka jera bulo sahu biyu ko uku a zagaye, ko ka cika buhunan siminti da yashin da ka haƙo ka jera su kamar yadda ake tare ambaliya, sannan leda ta bi ta kansu. Ka riƙa yayyafa ruwa kana haƙa, jiƙaƙƙen yashi ya fi tsayawa, kuma kar a tara ƙasar da aka fitar a bakin ramin don nauyinta ne ke turo bango. Sannan don Allah kar a bar yaro ya shiga ramin rairayi mai zurfi yana wasa, ruftawa ba ta sallama.

Wani abu da nake ba kowa shawara, ka bar ɗan dandamali a zagaye mai zurfin kamar santimita 25 kafin a gangara tsakiya. Nan za ka ajiye tukwanen shuka, kuma in akuya ko kaza ko ma mutum ya faɗa yana da wurin takawa ya fito.

Zurfin nawa ya kamata?

Tsakiyar ta kai santimita 70 zuwa mita 1. In bai kai haka ba ruwan zai yi zafi da bazara kamar an ɗora a wuta, kifi ya rasa inda zai fake. Fiye da mita 1 a bayan gida ba shi da wani amfani sai ƙarin haɗari da kuɗin ruwa.

Leda mita nawa zan saya?

Tsawon tafki, ka ƙara zurfi sau biyu, ka ƙara santimita 60 na baki. Haka ma faɗi. Misali tafki mai mita 4 da mita 3, zurfi santimita 80: tsawo 4 da 1.6 da 0.6 ya zama 6.2, faɗi 3 da 1.6 da 0.6 ya zama 5.2. Amma abin da ya fi, kar ka saya sai ka gama haƙa, ka ɗauki igiya ka kwantar da ita a cikin ramin daga wannan baki ta bi ƙasa ta hau wancan, ka auna igiyar. Kuma ka nemi falle ɗaya, haɗin da aka yi da gam a gida shi ne wurin da ke fara yoyo.

Me zan shimfiɗa a ƙarƙashin ledar?

A nan ne rairayi ya yi maka rana, don mutanen da ƙasarsu marmara ce ko tsakuwa sai sun sayo yashi sun shimfiɗa, kai kuwa kyauta ka samu. Ka bi ramin da hannu, ba da ido ba, ka tsince ƙaya da kwalba da ƙusa da guntun ƙashi, bayan gidajenmu babu abin da ba a binnewa. Sai ka shimfiɗa tsohon kafet ko buhuna ko tsofaffin barguna. Kwali ba ya daɗewa, gara ce ke cinye shi.

Abin da ya fi ƙaya haɗari shi ne ciyawar aya-aya, tsinin tsironta yana huda leda daga ƙasa kamar allura, ita da kiri-kiri. In akwai su a wurin ka tono su har 'ya'yan da ke ƙasa, ka jiƙa ramin ka bar shi sati biyu ka ga abin da zai sake fitowa, sannan ka shimfiɗa.

Wajen cikawa kuma kar ka binne bakin ledar tukuna. Ka sa tiyo ruwa yana shiga a hankali kana gyara ninkin, nauyin ruwan zai ja ta ta zauna, ka bar ta kwana biyu, sannan ka haƙa 'yar kwata a zagaye ka tura bakin ciki ka rufe. Duk inda leda ta fito rana ka rufe shi da duwatsu ko bulo, rana ita ce ajalinta. Kuma tun wajen haƙa ka tabbata bakin ya daidaita da tiyon awon birkiloli, in ba haka ba gefe ɗaya ya cika yana zuba ɗayan leda tsirara. Tun ran gini ran zane.

A ina ya kamata in haƙa a cikin gidan?

Ka nisanci harsashin ɗaki da katanga da akalla mita 2 zuwa 3, musamman katangar maƙwabci, don ranar da ledar ta huje duk ruwan nan ƙarƙashin gini zai bi, kuma rigimar katanga kowa ya san yadda take ƙarewa. Ka nisanci shadda da sokawe. Kar ka haƙa a kwarin da ruwan tsakar gida ke taruwa, in ba haka ba ruwan wanke-wanke da omo da kashin awaki duk ciki za su ƙare, ma dai ka ɗaga bakin tafkin kamar santimita 10 zuwa 15 sama da ƙasa.

Inuwa ana so, amma ba a gindin darbejiya ko turare ba, saiwarsu tana bin danshi duk inda yake, ganyensu kuma ya cika ruwan ya ruɓe. Wurin da ke samun hantsi amma inuwa ta rufe shi daga azahar shi ne daidai. In babu, ka kafa 'yar rumfa ta zana ko raga ta rufe rabi.

Ruwa nawa zai ci?

Wancan misalin na mita 4 da 3 in an yi masa gangare zai ci wajen lita 4,500, wato jarka 180 mai lita 25. In 'yan garuwa za ka saya ka yi lissafinka da kyau tun kafin ka ɗauki shebur. Mai dabara yana gama aikin a ƙarshen rani ya bar damina ta cika masa: kowace milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufin kwano lita ɗaya ce, rufi mai murabba'in mita 50 in aka yi ruwa mai milimita 20 ya ba ka lita 1,000. Indararo da fayif kawai kake buƙata, sai dai ka bar ruwan farko ya wanke ƙurar kwanon tukuna. Ka sa fayif ɗin fitar da rara kuma, don watan Agusta ba ya shawara.

Ruwana yana raguwa kullum, ledar ce ta huje?

Ba lallai ba. Daga Maris zuwa Mayu rana da iska kaɗai suna iya ɗauke kusan santimita 1 a yini, a tafki mai murabba'in mita 12 lita 120 kenan, kusan jarka 5 kullum ba tare da ko huji ɗaya ba. Ga yadda za ka raba gardama: ka cika bokiti ka ajiye shi a kan dandamalin cikin tafkin, ka yi alama a bokitin ka yi a bangon tafki, bayan kwana biyu ka duba. In sun ragu daidai, rana ce. In tafkin ya fi raguwa, yoyo ne. To kar ka ƙara ruwa, ka bar shi ya yi ta sauka har ya tsaya da kansa, inda ya tsaya a wannan layin hujin yake, ka bi zagaye da yatsa za ka same shi. Faci kamar na tayar keke ake yi, da guntun ledar da ka rage, shi ya sa ba a yar da ragowar. HDPE ce kawai gam ba ya kama ta sosai, ita sai da zafi ko tef ɗinta na musamman.

Uwargida ta ce sauro zan tara mata. Gaskiya ne?

Tana da gaskiya in ka bar ruwan a kwance babu kifi. Da zafi sauro daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana 7 zuwa 10 ne kawai. Amma tafkin da ke da kifi ba ya tara sauro, tsutsar abincinsu ce, ƙananan karfasa ma sun isa. In ka ƙara da ɗan famfon sola da ke motsa ruwan shikenan. Ni abin da na lura, tsohuwar taya da gwangwanayen da ke bayan ɗaki da kwatar da ba a sharewa sun fi tafkin haifar da sauro nesa ba kusa ba. Kar dai a zuba kananzir ko baƙin mai ko maganin feshi a ciki, kifin zai riga sauron mutuwa.

Wane kifi zan sa, kuma yaushe?

Ba ranar da ka cika ba. Ruwan famfo yana da sinadarin kulorin, ka bar shi kwana biyu ya fice, na bohol kuma yana fitowa da ƙarancin iska, shi ma ya sha sarari. In siminti ka yi to haƙurin ya fi haka, sabon siminti yana da kaifin da ke kashe kifi, sai ka cika ka bar shi sati ka zubar, ka maimaita sau biyu ko uku.

Tarwaɗa ta fi jure wahala don tana iya hawowa ta shaƙi iska, sai dai tana dama ruwa, tana cin ƙananan 'yan uwanta, kuma in an yi ruwan sama da dare tana iya fita yawo. Karfasa ta fi tsafta tana kuma cin gansakuka, amma haihuwa gare ta kamar me, ka sa 10 bayan wata shida ka rasa wanda za ka ba kyauta. In don sha'awa da lambu ka yi, 15 zuwa 20 sun isa a irin wancan girman. Kiwon kasuwa wani karatu ne daban. Da hunturu in ka ga sun rage cin abinci ba ciwo ba ne, sanyi ne, ka rage abin da kake zubawa don ragowar ita ke ɓata ruwa.

Ruwan ya koma kore shar, in zubar?

Kore kaɗan ba matsala, abinci ne ma ga karfasa. In ka sa hannu har gwiwar hannu ba ka ganin tafinka, ko ya fara wari, to ya yi yawa, kuma ruwa ba ya tsami banza: ko rana ta yi yawa ko abinci ya yi yawa ko kifin ya yi yawa. Kar ka zubar duka, ka ɗebi kashi ɗaya cikin huɗu ka ba alayyafo da tumatir da zogale, ka cika da sabo. A ƙasar jigawa da ba ta riƙe taki wannan ruwan ya fi kifin ma amfani a wurina, yakuwar da ke gefen tafkina ba ta taɓa sanin takin zamani ba.

Wace shuka zan sa a ciki?

Bado ya fi komai, ganyensa yana rufe ruwa ya rage zafi, ka dasa shi a tukunya da laka ka rufe saman da tsakuwa ka nutsar. Kainuwa ma tana da kyau amma dashen Allah ce da gaske, sati uku ta rufe ko'ina, sai kana kwashewa kana zubawa a takin lambu. Kachala kuwa ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa, wanda ya san abin da ta yi wa hanyoyin ruwa a dausayin Hadejia da Nguru ba zai kai ta gidansa ba. A bakin tafki daga waje ka dasa jema, saiwarta ƙasa take nutsawa tana riƙe rairayi.

In daga kududdufi ko rafi ka ɗebo shukar, ka wanke ta sosai ka ajiye a bokiti kamar sati biyu kana dubawa, saboda ƙananan katantanwar da ke maƙale a jiki, su ne ke ɗauke da cutar tsargiya mai sa fitsarin jini.

Ina da yara ƙanana, in haƙura?

In ba za ka iya kewaye shi ba, e, ka haƙura har su girma. Yaro mai rarrafe ruwan da bai kai tsawon tafin hannu ba ya isa ya halaka shi, kuma ba a jin ƙara, ga leda da santsi ko babba sai ya yi da gaske yake fita. Ka sa shinge na waya mai tsayin akalla mita 1 da ƙofa mai sakata a sama inda hannunsu ba ya kaiwa, ko a yi maka murfin raga na rodi wajen mai walda wanda zai ɗauki nauyin yaro. Ka tuna ba naka kaɗai ba ne, gidan Bahaushe yaran maƙwabta ba sa neman izini kafin su shigo, musamman in labari ya bazu a unguwa cewa akwai kifi a gidan wane.

Kwaɗi sun hana mu barci tun da damina ta faɗi, akwai magani?

Babu wani na kirki, kuma ba na ba da shawarar a sa musu guba don ruwan ɗaya ne da na kifi. Ka kwashe ƙwansu da safe, za ka gan shi kamar zare mai ɗigon baƙi a gefen ruwa, ka kuma rage ciyawa da tarkacen da ke kusa don inda kwaɗi suka taru maciji yana leƙowa. Kukan dai na 'yan watanni ne, da kaka ta shigo za su yi shiru. Ni tafkin nawa yana bayan tagar ɗakin baƙi ne, to baƙin ne ke fama.